Ranar Da Aka Gwada Mudunmu Da Ruwa

Ku samarin nan kuna ba ni dariya. Kun ga tsoho zaune a kan buhu da almakashi a hannu, sai ku ce ai aikin kwano ba wani abu ba ne, a yanka, a lanƙwasa, a liƙe. To ku gyara zama in gaya muku yadda ake yin mudu ɗaya tak, sannan in ba ku labarin shekarar da saura ƙiris a hana mu yin sa gaba ɗaya.

Mudu yanka biyu ne, jiki da gindi. Jikin ba a miƙe ake yanka shi ba, a gantsare ne, domin baki ya fi gindi faɗi. Ka ɗora shi a kan guntun ƙarfen dogo ka yi ta bi da gudumar itace har ya zagayo. Ban da ta ƙarfe, ita tabo take bari. Ka haɗa gefe da gefe ka ninke, ka sa gindin, ka naɗe waya a leɓen sama don kada bakin ya lotse. Sannan ka ciro ƙarfen liƙi daga garwashi ka bi da dalma. In ka kuskure da faɗin farce wajen yanka, mudun ya ƙaru ko ya ragu da tafin hannu guda na hatsi. Kai ka sayar ka manta, amma matar da ta saya ita za a kira ɓarauniya a tsakiyar kasuwa.

A wajen Baba Tanko na koya, a rumfarsa ta unguwar Bagama. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa mudu ba, sai fitilar aci-balbal da mazurari da liƙin bokitin da ya huje. Mutum ne mai faɗa, amma hannunsa ba ya ƙarya. Kowane maƙerin kwano a lokacin yana da wani yankakken falle da yake ɗorawa a kan sabon kwano ya zana ya yanka, muna kiransa uwa. Uwar Baba Tanko ta mahaifinsa ce, ta yi baƙi ƙirin saboda hannu. Ranar da ya yaye ni ya zana mini tawa daga jikin tasa. Haka kowa ya samu tasa, daga maigidansa, shi ma daga nasa. Kuma kowa ya yi imani tasa ce mudu na gaskiya. Ba wanda ya taɓa gwada nasa da na wani, don kowace ma'auniya da maƙerinta, ba ta sauyawa.

Ma'auna su ne masu ciyar da mu. Matan Gwari su shigo daga ƙauyuka da dawa da gero da shinkafa a kafaɗa, ma'auna su saya su zauna su sayar da mudu. Mudu kuwa ba ya wuce damina biyu a hannun mai aiki da shi kullum. Bayan su sai masu kananzir da masu man gyaɗa, su kuma galan da rabin galan muke yi musu. Aci-balbal da mazurari na cefanen yamma ne kawai. Mudu shi ne riƙon gida.

A shekarun nan da aka ɗauke wa garinmu suna aka ba sabon babban birnin ƙasa namu ya koma Suleja, abubuwa suka yi ta sauyawa. An riga an canja kuɗi, an ce galan ya tafi lita ta zo. Muna nan sai wata ranar kasuwa aka yi shela cewa nan gaba duk ma'aunin da ba shi da hatimin hukuma za a kwashe shi. Muka ce to, a kawo hatimin a buga mana. Ashe akwai saura. Ba za a buga hatimi ba sai a kan ma'aunin da inji ya matse daga falle guda, wanda babu ninki babu dalma a jikinsa. Wato an zana mu ne tsaf, sunanmu kawai ba a faɗa ba.

Wanda ya gano mana tushen abin shi ne Emeka, wani maƙerin kwano ɗan kudu da ya dawo garin bayan yaƙin basasa ya kama rumfa kusa da tawa. Shi ke zuwa sayo mana fallen kwano a birni, kuma yana karanta Turanci. Ya ce masu injinan buga kwano na manyan birane suna da ƙungiya, da ofis, da akawu, da mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai zaman ofisoshin gwamnati. Su suka yi ta kai takarda suna cewa ma'aunin hannu shi ne tushen cuta a kasuwanni, har aka ɗauki maganarsu aka sa a doka kusan yadda suka rubuta ta. Na yi ta zagi ran nan. Emeka ya bari na gama, ya ce da Hausarsa mai karkacewa, "Oga Sale, su sun je sun yi magana. Mu wa ya je?"

Wannan ita ce muguwar shekarar. Tun kafin a fara kwashe komai ma'auna suka daina zuwa, wa zai sayi abin da za a ƙwace masa gobe? Na yi wata uku ban yanka mudu ko ɗaya ba. Muka koma aci-balbal dukkanmu, har fitila ta yi wa garin yawa. Mutum biyu a cikinmu suka sayar da kayan aikinsu suka tafi leburanci wajen masu saran daji na sabon birni. Ni kaina na je Madalla na tsaya bakin titi ina kallon manyan motocin da ke ɗibar lebura, na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban iya komai ba a duniya sai wannan.

Kafa ƙungiya ba ta zo da sauƙi ba. Mu goma sha ɗaya ne muka rage, kuma akwai waɗanda sun shekara ba su gaisa ba saboda ƙwacen masu ciniki. Muka taru a rumfar Baba Tanko bayan la'asar, aka ba shi shugabanci don ya girmi kowa, Emeka ya zama magatakarda, ni kuma aka ce ni ne ɗan aike tunda bakina ba ya gajiya. A nan na koyi wani aikin da ba a yi da guduma. Ka je wajen Sarkin Kasuwa ka gaishe shi sau uku kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka nemi kansila a gidan suna, ba a ofis ba. Ka sa ma'auna su dangwala hannu a takardar koke. Sau huɗu ni da Emeka muna hawa mota zuwa Minna, mu wuni a kan benci, masinja ya ce mana mai gidan ya fita. A na biyar muka ga sufeton da ke kula da ma'aunai. Dogo ne, marar yawan magana. Ya karanta takardarmu har ƙasa, ya ce zai zo Suleja ya gani da idonsa, mu tanadi aikinmu.

A nan muka tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Baba Tanko ya ce kowa ya je ya yi mudun da ya fi kowane kyau a rayuwarsa. Muka kuwa dage. Na goge nawa da toka har ina ganin fuskata a ciki. Wani har zane ya yi wa nasa a leɓe. Hankalinmu duk yana kan kyau, ba wanda ya ce a jera su a gwada tukuna.

Sufeto ya zo da safe, aka sa masa tebur a gindin bishiyar mangwaron da ke bakin kasuwa. Ashe ƙungiyar masu inji ta ji labari, ta turo wakilinta, wani mai kwat da jaka, ya jera nasa ma'aunai guda shida suna walƙiya. Sufeto bai ko dubi gogen da muka sha ba. Ya fito da wata doguwar kwalba mai zane-zanen layi, ya ce a kawo ruwa. Ya cika na Baba Tanko, ya juye a kwalba, ya rubuta. Ya cika nawa, ya rubuta. Haka har goma sha ɗaya. Wallahi ko biyu ba su zo daidai ba. Nawa da na Baba Tanko ma, da suka fito daga uwa ɗaya, sun bambanta, don tawa ta ci gefe saboda shekarun zane. Na mai kwat kuwa duk shida a layi guda suka tsaya. Murmushi kawai ya yi, mu muka gama masa aikinsa da hannunmu.

Sufeto ya rufe littafinsa ya tambayi Baba Tanko a hankali, "Baba, a cikin waɗannan wanne ne mudu?"

Baba Tanko, mutumin da ba a taɓa rufe masa baki ba, ya sunkuyar da kai. Emeka ne ya bi sufeto har mota yana roƙo. Da ƙyar ya ce zai biyo ta nan bayan mako biyu, in muna da abin nunawa mu nuna, in babu zai rubuta abin da ya gani.

Zaman da muka yi washegari faɗa ne zalla. Kowa ya yarda a koma uwa ɗaya, amma kowa tasa yake nufi. Baba Tanko ya ce ba a haifi wanda zai sa ya ajiye uwar mahaifinsa ba. Wani ya ce ai tasa daga Zariya kakansa ya zo da ita. Na fusata na ce to kowa ya rungume tasa ya tafi da ita saran daji, na fice.

Kasuwa na nufa, wajen Gwoggo Ladi, wata dattijuwar ma'auniya 'yar Iku da ta shekara goma tana sayen mudu a hannuna. Ba shawara na je nema ba, na je ne in huce. Na tarar tana cacar baki da wani magidanci a kan dawa. Ta sayi sabon ma'aunin inji saboda tsoron kwashe, shi kuma yana rantsuwa awon bai kai ba. Da ya tafi na ce mata ai na injin daidai yake, da idona na ga an gwada shi da ruwa.

Ta dube ni sheƙeƙe. "Sale, a ina ka taɓa ganin an sayar da ruwa a mudu?"

Ta janyo wani tsohon mudu nawa daga ƙarƙashin buhu inda ta ɓoye shi. Ta cika shi da dawa yadda ake yi, a tula har ya yi tudu a sama, ta juye a faifai. Ta cika na injin haka, ta juye a wani faifan. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Na injin dogo ne mai tsukakken baki, don haka ya fi sauƙin matsewa a inji. Cikinsa yana iya zama daidai, amma tudun da ke zama a kansa ƙarami ne. Hatsi kuwa a garin nan ba a taɓa share masa baki ba, da tudunsa ake saye da tudunsa ake sayarwa. Shekara ashirin ina yin mudu ban taɓa tunanin faɗin baki yana cikin awo ba. Hannuna ya sani, kaina bai sani ba.

Da gudu na koma rumfar Baba Tanko. Na kwashe 'yan ƙungiya duka zuwa wajen Gwoggo Ladi ta sake gwadawa a gabansu. Sannan muka bi layin ma'auna da zare, muna auna bakin duk wani tsohon mudu da aka yarda aka fito mana da shi. Abin mamaki, zurfi ya bambanta, gindi ya bambanta, amma baki kusan ɗaya ne ko'ina, don ma'auna ba sa karɓar mudun da bakinsa bai yi musu ba. Sai Emeka ya kawo shawara: kada a ɗauki uwar kowa. A ɗauki faɗin baki daga kasuwa, a ɗauki yawan ruwa daga kwalbar sufeto, a yanka sabuwar uwa da ba ta da uba. Dama ya ga layin da ma'aunan mai kwat suka tsaya a kai, ya kuma samo kwalba mai irin wannan zanen a wajen wani mai shagon magani.

Kowa ya amince sai Baba Tanko. Ya zauna yana kallonmu muna yanka muna ɓatawa, falle bayan falle, ruwa ya haura layi ko ya gaza. Kwana biyu muna abu ɗaya. A rana ta uku haƙurinsa ya ƙare, ya ce mu matsa, 'yan banza, za mu ƙarar da kwanon garin. Ya karɓi almakashi, ya dubi na ƙarshen da muka yi, ya rage ɗan siriri a ƙasa wanda bai kai kaurin tsinke ba. Aka haɗa, aka liƙe, aka zuba ruwa, ya tsaya cak a kan layi. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake ambatar uwar mahaifinsa ba. Muka kai wa maƙerin baƙi ya yi mana zoben ƙarfe daidai faɗin bakin, aka ce uwa da zobe su zauna a hannun ƙungiya, kowa ya zo ya zana a nan.

Da sufeto ya dawo, goma sha ɗaya muka sake jerawa, ba goge ba zane. Ruwa ya tsaya a layi ɗaya sau goma sha ɗaya. Mai kwat ya ce wannan na yau ne kawai, hannu ba inji ba ne, gobe za su koma yadda suke. Na ce ranka ya daɗe, an gwada da ruwa, muna roƙo a gwada da abin da ake sayarwa. Gwoggo Ladi ta matso da buhunta, ma'auna suka kewaye tebur. Ta auna a namu, ta auna a nasu, ta ajiye faifai biyu a gaban sufeto. Mai kwat ya yi wuf ya ce ai ba haka ake awo ba, a ƙa'ida sanda ake sawa a share baki. Gwoggo Ladi ta miƙa masa muciyar da ke kusa ta ce ga sanda, ga layin masu saye can, ya je ya share wa mutum ɗaya ta gani. Kasuwa ta kwashe da dariya. Sufeto bai yi dariya ba. Ya ciro awonsa ya auna bakin namu, ya auna bakin nasu, ya daɗe yana rubutu, ya ɗauki mudu ɗaya daga kowane ɓangare ya shiga mota.

Sai jira. Kada ku ɗauka ana gama wannan aka ce mun ci. Damina ta shigo ta kusa fita ba mu ji komai ba. Mun san su can ba su zauna ba, suna ta shiga suna fita. Mu ma muka ci gaba da namu: wata takarda daga Sarkin Kasuwa, wata daga ma'auna, muka aika wa maƙeran kwano na garuruwan kusa su ma su rubuta. Benci na Minna ya san ni sarai.

Takardar ta zo ana girbin gero. Emeka ya karanta mana ita a tsaye, yana fassarawa layi-layi. An cire maganar inji da dalma a kan ma'aunin hatsi. Ko wa ya yi shi, in cikinsa ya kai kuma bakinsa ya kai faɗin da aka rubuta, za a buga masa hatimi. Amma ma'aunin kananzir da na mai an bar wa masu inji, ba mu ba su har abada. Sun samu nasu, mun samu namu. Galan ya tafi, ya yi mana ciwo, amma mudu ya tsaya. Akwai kuma sharaɗi a ƙasa: in aka sami na ƙungiyarmu suna yawan faɗuwa gwaji, za a janye izinin. Na zauna a ƙasa dirshan, sai a lokacin na ji yadda kafaɗuna suka yi nauyi duk shekarar nan.

Saboda sharaɗin nan muka kafa wa kanmu doka. Kafin kowane mudu ya je gaban mai hatimi, ƙungiya za ta gwada shi da zobe da kwalba. Wanda ya faɗi ba gyara, a take za a murƙushe shi, kuma mai shi ne zai yi da hannunsa. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen kafa dokar.

Ranar bugun hatimi na farko muka taru da hantsi, kowa da tulin aikinsa. Na kawo ashirin. Baba Tanko ke sa zobe, Emeka ke zuba ruwa. Na kowa yana wucewa, aka zo kan nawa. Goma sha shida suka wuce lafiya, huɗu suka haura layi. Na yi su ne cikin ɗoki, na ja ninkin bai kai ba. Ido ya dawo kaina, don kowa ya san bakina. Wani ya fara cewa ai kaɗan ne, a bar masa na yau.

Baba Tanko ya ɗauko babbar guduma ya miƙo mini. "Sale, kai ka faɗa."

"Ni na faɗa, Baba."

Na jera su a kan ƙarfen dogo na bi su ɗaya bayan ɗaya har suka zama faifai. Aikin yini guda ne na lalata a gaban jama'a, kuma ban taɓa ɗaga guduma da sanyin rai irin na ran nan ba. Mutumin da aka kusa hana shi yin mudu baki ɗaya, yau ga shi yana da sha shida masu kyau da wurin kai su.

Na tattara su na shiga layi. Mai hatimi ya kifa na farko, ya saita ƙarfensa kusa da leɓe, ya buga sau ɗaya. Na karɓa na shafa wurin da babban yatsa. Ya ce, "Malam, matsa mana, akwai mutane a bayanka." Na matsa, na miƙa masa na biyu.